Ɗaurin da Na Yanke a Gadon 'Yata

Akwai wata ranar Asabar da ba za ta bar raina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Kafin wannan rana, abin da na yi imani da shi shi ne cewa duk kayan da ya tsallako teku da takarda da hatimi ya fi wanda aka ƙera a unguwarmu ta New Bell aminci, kuma wanda ya iya karanta takardar ya fi kowa sanin inda haɗari yake. Ban taɓa kiran wannan girman kai ba, ilimi nake kiransa. Na yi jami'a, ina aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Duwala, kullum ina cikin takardun kwantena, har idona ya saba da gaskata hatimi tun kafin ya dubi kayan.

Ina da shekara talatin da takwas Allah Ya ba mu 'ya mace, bayan shekara tara muna jira. Na sa mata sunan mahaifiyata, saboda haka Inna ba ta kiranta da komai sai "takwara". Ni kuwa sunan mahaifin Inna aka sa mini, shi ya sa tun ina ƙarami "Babana" take ce mini.

Inna tana da wani ɗan gadon katako na jarirai, wanda mahaifina ya sa wani kafinta maƙwabcinmu ya ƙera lokacin da aka haife ni. Ƙafafunsa dogaye ne, domin a New Bell idan damina ta yi nisa ruwa yakan shigo ɗaki ba sallama, kuma kowace ambaliya ta bar layinta a jikin katakon. Yana da mariƙi biyu, mace ɗaya takan ɗauke shi daga ɗaki zuwa tsakar gida. Mu bakwai muka kwanta a cikinsa. Da muka girma sai ya zama na unguwa. Duk gidan da aka yi suna sai a aiko wurin Inna, ta wanke shi, ta shanya, ta bi shi da ƙafarta, ta jingina shi da gadon mai jego, ta ɗaure shi da babban gadon da tsumman atamfa. Ba ta yarda kowa ya yi mata ɗaurin. In ta gama sai ta tura gadon da gwiwa, ta cusa tafin hannu tsakaninsa da katifa. In hannun ya shiga, ta kwance ta sake. Da wannan aka san ta a unguwa, da shi ake girmama ta.

Ni kuwa a lokacin na bar New Bell, na koma unguwar Cité des Palmiers, gida mai tayil. Tun matata tana wankan jego a gidan iyayenta na tafi unguwar Deïdo, wurin masu brokant, inda ake sayar da kayan da aka yi amfani da su a Turai. Can na ga wani ɗan gado fari, mai naɗewa kamar laima, gefensa na raga, gefe ɗaya yana sauka don ya haɗu da gadon uwa, ga tayoyi huɗu. Abin da na fara nema shi ne hatimin da ke jikinsa, na kuwa same shi. A ƙarƙashinsa na lura da wasu zobba biyu na roba da babu komai a cikinsu, na tambayi mai shagon amfaninsu.

"C'est rien, patron," in ji shi da Faransanci, wato ba komai ba ne, yana dariya. "Kwalliya ce. Turawa ba sa rasa abin maƙalawa."

Na yarda, ba don ya gamsar da ni ba, sai don na riga na so gadon. Mutumin da aikinsa shi ne duba ko kaya sun cika, ranar bai ƙirga abin da ya ɓace ba.

Washegarin dawowar matata daga arba'in, Inna ta iso da tasi, gadon katakon nan a ɗaure a samansa. Na tare ta a bakin ƙofa na ce mun riga mun tanada. Ta ce a nuna mata. Ta zagaya farin gadon tana dubawa, kamar mai sayen akuya.

"Babana, wannan mai taya ne?"

"Don a riƙa tura shi ne, Inna."

"To in ya tura kansa fa?"

Na nuna mata birkin tayoyin, na taka su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi musu ba. Ta sa gwiwa ta ɗan tura, gadon ya zame a kan tayil da birkinsa da komai. Ta cusa hannu tsakaninsa da katifarmu, hannun ya shige har wuyansa.

"Inda hannuna ya shiga, jariri ma zai shiga. Babana, ba haka ake yi ba."

Maimakon in dubi hannun, sai na juya wurin matata na ce mata da Faransanci ba za mu ajiye tarkacen unguwa a ɗakin nan ba. Na zaɓi Faransanci ne don kada Inna ta ji, na manta cewa shekara arba'in ta yi tana sayar da waina a bakin kasuwa, kuma babu zagin da ba ta ji ba cikin wannan harshe. Fuskarta ba ta canza ba. Ta leƙa waje ta ce wa direban kada ya sauke kayan. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro wata tsohuwar jar atamfa, ta yage ta biyu, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaure farin gadona da namu, sama da ƙasa. Ta tura da gwiwa, bai motsa ba.

"Gadonka ya fi nawa kyau," in ji ta. "Amma wannan ɗaurin a bar mini shi."

Wata biyu da 'yan kwanaki jan tsumman nan yana nan, kullum in na shiga ɗaki sai ya tsone mini ido. A cikin wannan lokaci yarinyar ta yi ƙwari, har ta fara ƙoƙarin juyawa.

Ranar Asabar ɗin, shugaban ofishinmu da matarsa za su zo ganin jaririya. Tun safe matata tana kicin. Na shiga ɗaki don in gyara shi, na tsaya ina kallon farin gado da jan tsumma mai ƙulli uku, ina tunanin abin da baƙin za su ce a mota in sun fita. Na yi ƙoƙarin kwancewa, amma ɗaurin Inna ba ya kwantuwa. Sai na ɗauko almakashi na yanke shi. Na tura guntayen ƙarƙashin gado da ƙafa, na ce a raina in baƙi sun tafi zan nemi igiya mai kyau in mayar. Baƙin suka zo, ni da kaina na kai su ɗaki, matar ta shafa ragar gadon ta yaba, na ji daɗi kamar ni na ƙera shi. Bayan azahar suka tafi. Matata ta koma kan wanke-wanke. Na kwantar da yarinyar, gefen gadon a sauke kamar kullum, na fito falo domin an kira ni a waya kan wata kwantena da aka riƙe. Igiya kuwa ko tuna ta ban yi ba.

Duk Asabar wajen la'asar Inna takan kawo wa matata kunun gyaɗa. Ranar ana ruwa, irin na Duwala da ke dukan kwano har ba ka jin na kusa da kai, na ɗauka ba za ta zo ba. Sai ga ta ta sauka daga benskin, wato babur ɗin haya, mayafinta a jiƙe, robar kunun a rungume.

"Ina takwara?"

A nan ne na tuna da almakashi. Abin da na yi kuwa shi ne abin da ya fi yi mini ciwo har yau: na tare mata hanya, don kada ta ga an yanke ɗaurinta.

"Tana barci, Inna. Ki zauna ki huta tukuna, kada a tashe ta."

"Ganinta kawai zan yi, Babana. Ido ba ya tashin mai barci."

Ta raɓa ni ta wuce. Ba ihu na ji ba, salati na ji, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Da na shiga, farin gadon ya zame ya bar rata. Yarinyar ta juya, jikinta ya zurma cikin ratar, kanta ya maƙale, fuskarta a manne da katifarmu. Inna ta zaro ta, leɓunanta sun yi duhu, hannuwanta suna lilo. Ta kwantar da ita, ta share mata baki da yatsa, ta haɗa bakinta da hanci da bakin yarinyar tana hurawa, tana murza mata ƙirji, tana kiran sunan Allah. Ni mai digiri ina tsaye da waya a hannu, mutumin can yana ta cewa "Allô? Allô?" Ban san tsawon lokacin ba. Can sai muka ji wani ɗan siririn kuka kamar na ɗan kyanwa.

A asibiti, bayan an sa mata iska, likitar ta tambayi irin gadon. Na nuna mata hotonsa a wayata, hoton da na ɗauka don alfahari. Ta faɗaɗa shi da yatsu, ta nuna zobban nan biyu.

"Ina maɗaurinsa?"

Ta yi mini bayani cewa irin wannan gado da maɗauri biyu yake zuwa, a zura su ƙarƙashin katifar iyaye a ja su tam, kuma in babu su, sauke gefensa tarko ne. Wato abin da Turawan suka ƙera da roba, wanda ya ɓace a hanya, shi Inna ta mayar da tsumman atamfa ba tare da ta karanta ko layi ɗaya ba.

Muna zaune a barandar asibitin tare da yayan matata, wanda ya iso da jin labari, sai matata ta ɗago da jajayen idanu.

"Inna, amma ai kin ɗaure shi. Da idona na gani."

Inna ta dube ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Sannan ta mayar da idonta kan tafin hannunta.

"Na ɗaure, 'yata. Ƙila ɗaurin ne ya saki. Hannu ya tsufa."

Ina nan zaune, na bar ta ta ɗauki laifin. Na gaya wa kaina ba lokacin magana ba ne, a bari yarinya ta farfaɗo. Da ta farfaɗo na ce a bari a sallame mu. Ranar da aka sallame mu, kwana uku bayan nan, Inna ta ja ni gefe ta miƙo mini wata baƙar leda. Guntayen jar atamfar ne, bakinsu a miƙe sumul, yankan almakashi.

"Na tsince su ƙarƙashin gadonku da na je ɗebo musu kaya. Ka adana."

"Inna, zan gaya mata gaskiya."

"In ka gaya mata yanzu, da wane rai za ta sake barin ka da 'yarta? Ka bar shi a kaina. Ni nawa zaman ya ƙare."

Na sha tambayar kaina ko biyayya na yi mata da na yi shiru. Amsar da na samu ba ta da daɗi. Sau nawa ta ba ni umarni na ƙi? Wannan kaɗai na bi da sauri, domin shi kaɗai ne ya yi daidai da son raina.

Magana ba ta kwana a New Bell. Kafin sati ya zagayo, kowane gida ya ji cewa ɗaurin Inna ya saki, jikarta ta kusa tafiya. Ba wanda ya faɗa mata a fuska. Sai dai aka yi suna a layinmu ba a aiko ba, aka yi na biyu, aka yi na uku. Kafin shekara, gadon katakon ya koma lungun ɗakinta, an jera tukwane a kansa. Duk zuwan da na yi gaishe ta ina ganinsa, in kau da kai.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi jinkirin magana, har ta haura shekara uku. Likitoci sun ce ba lallai ne abin yana da alaƙa da wannan rana ba, ni kuwa ba ni da hanyar sani, kuma ba zan taɓa samu ba. Yau shekararta goma sha biyu, bakinta ya fi na kowa a gidan.

Sai bayan rasuwar Inna, shekara uku da suka wuce, na ɗauko ledar na ajiye a gaban matata, na gaya mata komai. Ta daɗe tana juya guntayen a hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Shekara tara ina durƙusawa ina gaishe ta da wani abu a raina," in ji ta. "Kana tsaye kana kallo."



Abin da wannan ya koya mini, nakan faɗa wa duk wanda ya zo da zancen sayen gadon jariri: hatimi shaida ce a kan abin da ya fito daga masana'anta, ba shaida ba ce a kan abin da ke cikin ɗakinka. Ka tambayi abin da ya ɓace. Ka ɗaure, ka tura da gwiwa, ka cusa hannu, in ya shiga ka sake. Sauran darasin kuwa na sha wuya kafin in iya furta shi: kuskuren minti ɗaya Allah Ya tsare mu daga sharrinsa, amma shirun da ya biyo baya ni na zaɓe shi kowace safiya, kuma wadda ta ceci 'yata ce ta biya.

Daga wannan Asabar har Inna ta koma ga Mahaliccinta, ba ta sake ce mini "Babana, ba haka ake yi ba." Duk abin da na kawo mata shawara a kansa, sai ta ce, "Yadda ka gani."