Marurun da Ke Numfashi

Daminar da nake goyon ɗana na uku, muna zaune a wani ƙauye kusa da 'Yankara. In na wanke tsummokaransa sai in baza su a kan rairayin gindin darbejiya, yadda kowace mace ke yi a gidan. Su sha iska, in kwashe.

Ana nan wasu ƙuraje suka feso masa a gadon baya, jajaye, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Kuka kuwa ba a magana. In na goya shi sai ya banƙare kamar an soka masa ƙaya. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta duba ta ce maruru ne ya ƙi nuna, ta aika wa wanzami ya zo bayan la'asar ya yi masa sakiya. Ba a musu da Inna. Amma ni ban so aska ta taɓa wannan 'yar fata ba.

Ranar kasuwa ce. Wajen azahar Bafillatanar da ke kawo mana nono ta biyo. Ta ji kukan, ta sauke ƙwarya ta ce in miƙo shi. Ta kifa shi a cinyarta, ta daɗe tana kallo.

"Inna, marurun nan naku motsi yake."

"Ke tafi can," in ji Inna. "Daga tatsar saniya yau kin koma likita?"

"Ai a bayan karenmu na san shi. Matso ki gani, in da sauran idon."

Ni ce na fara sunkuyawa. Wallahi a cikin ramin akwai wani abu fari mai ɗigon baƙi, yana leƙowa yana komawa.

Bafillatanar ta lakato man shanu ta toshe ramukan. Ta ce tsutsa ce, kanta na ciki tana ci, ta gindi take numfashi. In aka rufe mata ƙofa dole ta taso neman iska. Muka zuba ido. Can sai man ya fara motsi. Ta sa yatsu biyu ta matsa a hankali, abin ya sulluɓo, fari, mai ƙiba, kamar waken da ya kwana a ruwa. Ya faɗo kan tabarma yana lanƙwasa.

Ban san sanda na kai bayan rumbu ba. Ni da na saba da kashin yara, na wanke tumbin rago ban yamutsa fuska ba, ranar sai da na amayar da kokon safe. Wato duk kwanakin nan ina ba shi nono, tsutsotsi kuma suna kiwo a jikinsa, a bayana, zane ɗaya ya ɗaure mu.

Na dawo na tarar ta fidda sauran, yaro ya yi lamo yana ajiyar zuciya. Inna sai salati take.

"To ta ina suka shiga? Yaron ga ko rarrafe bai fara ba."

"Ƙuda ne, Inna, wani ja-ja. Rairayin inuwa yake so, inda yara ke fitsari, ko tsumma mai danshi. Nan yake zuba ƙwai. In suka ƙyanƙyashe sai su jira fata mai ɗumi."

Na waiwaya. Ga wankin safe can a baze gindin darbejiya.

Kafin in ɗauko tsintsiya, kazar Inna mai wake-wake ta rugo ta tsince tsutsotsin tas, har tana goge baki a ƙasa.

Inna ta aika wa wanzami kada ya wahalar da kansa. Ni kuma na sa maigida ya ɗaura min igiyar shanya a inda rana ke bugawa, na aro dutsen guga na gawayi. Har yau da yaron ya zama magidanci, ba na sa wa jikoki riga sai na bi ta da wuta, ciki da bai. Matan 'ya'yana suna min dariya, ina jin su.

Da kaka ta yi a waccan shekarar, aka yi baƙi, aka yanka kazar nan. Inna ta zaɓo cinya ta sa min a kwano.

"Ci mana, ke da ke shayarwa."

"Na ƙoshi, Inna."

Ta dube ni, ta dubi naman. Sai ta ture nata kwanon, ta ce a miƙo mata kukar jiya.