Mama Upoko, Mai Kiran Layin da Ba a Kira Nata Ba

Duk ranar Alhamis, tun raɓa ba ta bushe ba, Mama Upokoina, wadda muke kira Mama Upoko, ke isowa zauren mata da ke bayan coci a ƙauyenmu na tsibirin Mauke, a kan tsohon babur ɗinta mai tari. Ita za ta buɗe tagogi, ta kori kajin maƙwabta daga baranda, ta share kashinsu, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora ruwan shayi. Kafin mace ta farko ta shigo tana hamma, almakashi na kan tabarma, zare kuma an jera shi launi-launi. Haka ta yi tun tana goyo har ta ga jikoki. Watan jiya ta ajiye aikin domin idanunta sun ƙi. Aka yi mata shayi da kek, aka rataya mata furanni a wuya, aka tafa, kowa ya kama gabansa. Ni dai tafin nan haushi ya ba ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aiki biyu Mama Upoko ta riƙe wa ƙungiyar ɗinki. Ita ce mai yanka tivaevae, babban mayafin nan namu da ake aurar da 'ya da shi, a lulluɓe kujerar yaro da shi ranar askinsa na fari, a kuma naɗe mutum a ciki ranar da za a sa shi a ƙasa. Za ta ninke yadi, ta zana fure da alli, ta sa almakashi, in an warware sai ka ga furen ya bazu ko'ina ba inda ya karkace. Ita ce kuma mai tsara zama, wadda ke faɗin abin da za a yi kowace Alhamis da wadda za a taru a kan mayafinta.

Ba ta taɓa barin zama ya ƙare a gulma zalla ba, ko da yake gulmar ma tana samun rabonta. Ita ta ƙirƙiro ranar ganye, inda kowa ke tsinko wani abu daga bayan ɗakinta a kwaikwayi siffarsa. Mama Akaiti, ƙawarta tun suna makaranta, mai bakin da ba ya hutu, ta taɓa kawo ganyen gwaza da tsutsa ta huhhuje, ta jefa wa Mama Upoko a cinya.

"Ga nawa. In kin isa, ki mai da wannan mayafi."

Mama Upoko ta yanka shi da hujojinsa duka. Yau shi ne a kan gadon Akaiti, kuma shi take fara nuna wa baƙi kafin ta ba su ruwa. Akwai ranar tsofaffin mayafai, a fito da na kakanni daga akwati, a gyara inda ya ɓarke, mai shi ta ba da labarin hannun da ya ɗinka. In makaranta ta yi hutu, sai ta tara 'yan mata ta koya musu riƙon allura. In ciwo ko tsufa ya kwantar da wata, sai a ɗauki zaman ɗungurungum a kai gidanta, a sa mata allura a hannu, ko ɗinki kaɗan ne ta yi don ta san ba a manta da ita ba.

Ke ce mai buɗe ƙofa, Mama. Ke ce ba ki bar kowa a baya ba, mu kuma muka bar ki.

Ƙa'idar ƙungiyar kowa ya san ta. Mayafi layi ne, a taru a yi wa wannan, a gama, a koma kan waccan. Mai tsara zama ce ke kiran suna, amma ba ta kiran nata, domin abin kunya ne. Sai wata ta miƙe a cikin taro ta ce, "Yanzu layin mai kira ne." Ba kuma za ta zauna a gida ta ɗinka abinta ba, don a wurinmu mayafin da mace ta ɗinka ita kaɗai shaida ce cewa ba ta da mutane.

Shekarar da aka ba ta aikin ta yanka nata, farin furen ƙofar gidanta a kan shuɗi mai duhu. Ta kafe shi da dogon zare, ta ninke, ta sa a akwati tana jira. Duk sa'ad da layi ya zagayo kusa, sai wani abu ya taso: auren 'yar wance, ko 'yan uwanmu mazauna birnin Auckland a ƙetare za su zo Kirsimeti, ko rasuwa. Da mijinta ya rasu, ta naɗe shi da mayafin aurensu, guda ɗaya tak da uwarta ta bar mata. Mata suka tsaya bakin kabari suna yaba kyan ɗinkin. Duk sun san akwatinta ya zama fanko sai shuɗin nan, amma Alhamis ta zo ta wuce ba wadda ta miƙe.

Bara ɗanta ya bugo waya daga Auckland cewa za su kawo jikanta Ngatupuna gida a yi masa aski. Yaro kuwa a kan mayafin kakarsa yake zama, da shi kuma yake tafiya. A wannan makon Mama Upoko ta zo da shuɗin a cikin rigar matashi, ta ajiye a gefen ƙafarta inda kowa zai gani. Ta ba da labarin wayar, tana jiran wata ta miƙe.

Moeroa, shugabar ƙungiya, wadda ta dawo daga Auckland da tsare-tsare cike da kai, ita ta karɓe maganar.

"Kai, madalla, Mama, za mu sha biki! Af, kafin in manta. Rufin nan yoyo yake. Ni ina ganin mu yi rigunan matashi mu aika babban tsibirinmu Rarotonga, baƙi 'yan yawon buɗe ido na sayensu kamar me. Wa ke da lokacin babban mayafi yanzu?"

Mama Upoko ta dubi Akaiti. Akaiti, mai amsa wa fasto magana a tsakiyar wa'azi, ta sunkuya tana neman allurar da ke hannunta. Mama Upoko ta dubi sauran, kowa ya shagala da zarensa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "To, rigunan matashi." Ita ta yanka su, da idanun da suka riga suka fara yin hazo. Da yamma ta ɗaure ƙunshinta a bayan babur ta mayar gida.

Ranar aski mata suka yi abin da suke kira kirki, suka kawo aron mayafansu. Bango ya cika, kujerar yaro ta sha lulluɓi, kowane ɗaya yankan hannun Mama Upoko. Matar ɗanta ta matso tana murna.

"Mama, wanne ne naki a ciki?"

"Duka ni na yanka, 'yata."

"A'a, ina nufin wanda za mu tafi da shi."

Mama Upoko ta gyara furen kunnenta ta ce za ta duba ko kifi ya isa kowa. Ba a ma gama cin abinci ba masu aro suka fara sauke kayansu daga bango, kada maiƙon naman alade ya taɓa musu. Ngatupuna ya koma Auckland da sabon aski, ba mayafin kakarsa a jaka.

Bayan shayin sallamar watan jiya, Akaiti ta je gidan Mama Upoko. Ta tarar da ita durƙushe a tsakar ɗaki, shuɗin a baje, tana bin zaren da yatsu.

"Ke kuma me kike lalube, tsohuwa?"

"Ina duba ko zaren ya ruɓe."

"Za a aika wa yaron ne?"

"Yaro ya yi askinsa ya gama. Wannan na kwanciyata ne."

Akaiti ta zauna daɓas. "Haba Upoko, me ya hana ki magana? Wallahi kullum ɗauka nake wata za ta faɗa."

"Ke da bakinki ya fi ki tsawo, me ya hana ki?"

Akaiti ta matso kusa. Ta zare allura daga wuyan rigarta, ta jawo gefen mayafin. Mama Upoko ta lalubo hannunta ta riƙe gam.

"Ajiye. Ba a kira ba. Ba za a naɗe ni da abin da aka ɗinka a ɓoye kamar kayan sata ba."

Alhamis ɗin da ta biyo baya Akaiti ta miƙe a zaure ta kira sunan Mama Upoko. Moeroa, wadda tsara zama ya koma hannunta, ta ce ai wannan dole ne, Mama ta cancanta, sai dai layi ya cika, a bari bayan Kirsimeti. Mata suka gyaɗa kai, aka zuba shayi.

Mun gode, Mama Upoko. Ke ce kika lulluɓe amaren ƙauyen nan, da 'ya'yansa, da matattunsa. Ba gidan da za a buɗe akwati a rasa ɗinkakken mayafi na yankanki, sai gidanki. Godiyar baki ba ta ɗinka komai, mun sani, kuma kunyar tamu ce.

Ku mata na zauren bayan coci, da na kowane zaure inda wata ke buɗe ƙofa ta share kashin kaji kafin ku iso, ku yi koyi da ita, ku kai zama inda aka manta da mutum. Ku fara da gidan da farin fure ke ƙofarsa, Alhamis ɗin nan, ba bayan Kirsimeti ba. Da Akaiti ta kai mata amsar taro, Mama Upoko ninke shuɗinta ta yi a hankali, ta ba da saƙo a kawo muku, ga shi kamar yadda ta faɗa:

"Ki ce musu ba sauri nake ba. Amma in suka bari sai an nemo aro, wannan karon wadda ta bayar ba za ta karɓi abinta ba."