Tabon da Aka Hana Ɗan'iya

Ɗan'iya mahaucin Kebbe da hawan ƙaho ya tashi, kowane tabo a jikinsa da labarin bijimin da ya yi shi. Ran jajiberin wata salla, baƙin bijimi ya maka shi da ƙasa, ya tattake cinyarsa, ƙashi ya rabu biyu ya goce. Ƙarti suka danne shi, mai ɗori ya ja ƙafar har Ɗan'iya ya suma, a banza. A Sakkwato likita ya yi 'yar huda, ya zura ƙarfe cikin ƙashin. Ƙafa ta miƙe, tabon ko farce bai kai ba. Har yau Ɗan'iya bai yafe wa likitan ba: "Wanga mutum ya cuce ni! Mi za ni gwada ma ɗiyana?"