Iyakar Inda Sabis Yake Kaiwa a Gidanmu

Yayana ne ya kawo rauta gidanmu na Gwandu, shekara guda da 'yan watanni kafin ya rasu. Ƙaramar na'ura ce fara mai ƙaho biyu, a sa mata sim, ita kuma ta raba sabis ga wayoyin da ke kusa da ita. Yaya yana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kalgo, can yake zaune da matarsa da 'ya'yansa uku, sai ƙarshen mako yake zuwa gida a kan mashin. Ni tela ne. Ina zaune da matata a gidan da aka haife mu, tare da Inna. Yaya ya ce ya gaji da kiran da ke yankewa, yana so ya riƙa ganin fuskokinmu.

Ranar da ya kawo ta bai ko zauna ya sha fura ba. Ya rataye ta a ƙusa a barandar ɗakina, kusa da batirin sola, saboda ko an ɗauke wuta ta ci gaba da aiki. Sannan ya ɗauki wayarsa ya shiga zagaya gida yana ƙirga taku, yana ɗaukar bidiyo, yana magana shi kaɗai kamar mai auna gona. A zaure sabis ya cika. A tsakar gida alamar sabis a waya ta nuna sanda uku. A bakin rijiya biyu. A gindin rumbu saura ɗaya, kuma daga nan ba ya ƙara taku ko ɗaya. Ɗakin Inna yana bayan rumbun, ginin ƙasa ne mai kauri wanda mahaifinmu ya yi, babu abin da ke ratsa shi. Ta gabas kuwa katangarmu ta bulo ce, sabis ɗin yana ƙetare ta ya kai dakalin maƙwabcinmu, amma kafin ka isa masallaci ya ɓace. Duka dai bai fi taku arba'in ba ta kowane gefe.

Na haddace wannan ba don na yi niyya ba, sai don yawan maimaitawar Yaya. Kusa da rautar, bidiyo yana tafiya sumul. A gindin rumbu hoto yakan tsaya, fuskar mutum ta daskare, amma murya tana isowa. In hadari ya haɗu sai komai ya yi nauyi, sai an yi haƙuri.

Maƙwabcin nan amini ne ga Yaya tun suna yara. Gyaran injin ban ruwa yake yi, a kan dakalinsa yake kwance injuna yana wanke su da fetur. Yaya ya sa masa lambar sirrin rautar a waya, ya ce ladan jingina da katangarmu ke nan na shekara talatin. A cikin wayata akwai wurin da nake ganin jerin wayoyin da suka kama sabis ɗin, kuma Yaya ya raɗa wa kowace suna. Tawa "Tela". Tasa "Kalgo". Ta abokinsa "Katanga". Abokin ya ce ai gara shi, katanga ba ta gudu ta bar garinsu saboda albashi.

Dole in yi bayanin Inna. Yaya ɗan farinta ne, kuma ita irin matan da ne masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "na Kalgo", kafin nan kuma "wancan". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon idonsa. In ya kawo mata tsaraba, sai ta ce wa matata ta ɗauke. Idan ya kira ta bidiyo a wayata, nakan kai mata gindin rumbu, ta zauna a kan tsohon turmin da aka kife, ta juya fuska gefe tana amsa gaisuwa da "lafiya lau" da "to". Shi kuwa yana ta zuba, bai damu ba. Shi ya kife mata turmin da hannunsa tun ranar farko, ya ce:

"Inna, nan ne wurinki. In kika wuce nan ba ki ji na."

Ta ce, wa ya ce tana son jin sa? Muka yi dariya.

Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, a hanyarsa ta zuwa gida, kusa da Kambaza. Ba zan faɗi yadda abin ya faru ba. Abokinsa ne ya fara samun labari, shi ya je ya taho da shi, shi ya tsaya wurin wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta ya miƙo mini leda: makullin mashin, hula, katin aiki, da takalmi ƙafa ɗaya. Na ce ina wayar? Ya ce in bar maganar waya yanzu. Na bari.

Inna ba ta yi kuka ba. Mata suna shigowa ta'aziyya, tana amsawa da "haƙuri sai ma'aiki", har ita take ba wasu baki. Na san al'ada ce, amma a raina na ji zafi. Na ce ko yau ma?

Bayan sadakar bakwai matar Yaya ta tambaye ni wayar, saboda hotunan yaran duk suna ciki. Na sake tambayar abokin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tela, ka ƙara haƙuri." Na kira lambar ba sau ɗaya ba, kullum a kashe. Na ɗauka wani ya tsince ta a bakin titi, abokin kuma yana jin nauyin faɗa mini. Na haƙura da ita.

Wata Juma'a bayan an yi arba'in, ban fita shago ba, don ba na buɗewa ranar Juma'a da safe. Ina zaune a baranda ina son sauke hoton wani ɗinki da aka turo mini, abin ya ƙi sauri. Sai na buɗe jerin nan in ga ko wani ne ya samu lambar sirrinmu.

Suna uku na gani. Tela. Katanga. Kalgo.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wayar ba. Na yi salati. Sai na ce wa kaina ƙila tsohon suna ne ya maƙale. Na tashi na kashe rautar, na jira, na kunna. Fitilunta suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Tela ta fito. Katanga ta fito. Na tsaya ina kallo. Sai Kalgo ta fito.

Wayar Yaya a kunne take, kuma tana cikin taku arba'in daga inda nake tsaye. Shi da kansa ya auna mini. A cikin gida daga ni sai matata da ke ɗaki tana guga, sai Inna wadda ko lambar waya ba ta iya dannawa. A waje kuwa wuri ɗaya ne sabis yake kaiwa.

Na fita ta zaure ko takalmi ban sa ba. Abokin Yaya yana kan dakali, hannunsa duk baƙin mai. Ban yi masa sallama ba, mutumin da tun ina yaro nake ce wa Yaya. Na miƙa masa wayata na ce ya karanta. Ya karanta. Na ce masa wayar nan kayan marayu ce. Na ce shi ya wanke gawar, ashe har aljihu ya wanke. Haka na faɗa, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa. Idonsa ya yi ja.

"Ka gama, Tela?"

Sai ya nuna mini ƙofar gidanmu, ya ce:

"Koma ciki. Kada ka bi ta tsakar gida, bi ta bayan ɗakin girki. Kuma don Allah kada ka yi motsi."

Na bi ta inda ya ce. Tun kafin in leƙa na ji muryar Yaya. Na laɓe a jikin bango. Yana cewa, "Nan sanda biyu. To, mu ƙara gaba." Bidiyon ranar farko ne.

Inna tana zaune a kan turmin, ta ba ni baya. Ta riƙe wayar da hannu biyu kusa da fuskarta, tana kallon sa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba yana da rai. A cikin bidiyon ya iso gindin rumbu, ya juya wayar ta nuna fuskarsa yana dariya, ya ce mata nan ne wurinta. Sai na ji Inna ta kira sunansa. Sunansa na yanka, a hankali, sau biyu. Shekarata talatin da takwas, ranar na fara jin sunan nan a bakinta.

Na koma da baya kamar ɓarawo.

Da na fita sai na tsuguna a gaban dakalin. Shi ya yi magana. Ya ce ranar rasuwar, kafin a fita da gawa, Inna ta kira shi gefe ta ce ya ba ta abin da "na Kalgo" yake magana da shi, kuma kada ya gaya wa kowa, ko ni. Ya nuna mata inda za ta danna ta kunna, da inda za ta taɓa. In caji ya ƙare sai ta sa wayar a ƙwarya ta rufe da faifai, ta miƙa masa ta kan katanga kamar mai ba da fura. Kullum da hantsi, in ta ga babu kowa a tsakar gida, take kunnawa. Ya ce ya gaya mata bidiyon yana cikin wayar, ko a ɗakinta zai yi magana, ba ruwansa da sabis. Ta ce a'a, shi da bakinsa ya ce in ta wuce nan ba ta jin sa.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ajiye tsumman a kan injin da ke gabansa. Sannan ya ce ya yafe, amma in ba shi lokaci kafin ya manta. Na ce na yarda.

Matar Yaya kaɗai na gaya wa. Ta yi kuka, ta ce a bar wa Inna, hotuna ba za su gudu ba.

Damina ta yi ƙarfi a lokacin. Sau biyu matata ta ce ta ga Inna a gindin rumbu ana yayyafi, ta lulluɓe da zane, ba ta san me take yi ba. Na rasa yadda zan yi. In na yi mata magana, ta san na gani, kuma na san daga ranar ba za ta sake taɓa wayar ba.

Abokin Yaya ne ya kawo shawara, bayan kwana tara bai ce mini komai ba ban da amsa sallama. Ya ce a mayar da rautar can ciki, a rataye ta a ƙarƙashin rufin ɗakin girki, daidai ƙofar Inna, a ja mata waya daga batiri. Na ce in aka yi haka ba za ta ƙara kaiwa dakalinsa ba. Ya ce ya sani, shi ma yana nan ranar da aka auna.

Shi ya hau tsani ya yi aikin. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Da ya gama, na ɗauki wayata na shiga ƙirga taku yadda Yaya ya yi. Na tsaya a bakin ƙofarta, na miƙa hannu ciki, na ɗaga murya na ce wa matata yanzu sabis yana shiga har ɗakin Inna, sanda uku. Inna ta ce mu matsa mata, muna tare mata haske.

Juma'ar da ta biyo baya aka tashi da ruwa. Na zauna a ɗaki ban fito ba. Da hantsi na leƙa ta taga, babu kowa a kan turmin, ruwa ne kawai ke sauka a kansa. Na buɗe jerin. Tela. Kalgo. Na rufe wayar, na ɗauki lema, na fita wurin maƙwabcinmu in taya shi shigar da injuna zaure.