Zomayen Doña Eulogia Sun Yi Sanƙo

Da Nicanor ya leƙa kejin zomayen da aka bar masa, sai da hularsa ta faɗi. Gashin 'ya'yan zomayen duk ya zube.

Maƙwabciyarsa Doña Eulogia da kiwon zomo ta raini 'ya'yanta a Oaxaca, can ƙasar Meziko. Ganyen dankali take ba zomayen, da ganyen bishiyar guaje ɗan kaɗan, don yawansa na zubar da gashi. Da ta tafi jinya ta bar masa amana, ya ga guaje ya fi kusa, ya yi ta loda musu.

Ta dawo ta tsaya baki buɗe. Wa zai sayi zomo tsirara?

"Comadre, zafi ake yi, riga suka tuɓe," in ji shi. Comadre da compadre suke kiran juna, irin kiran da aminan gida ke yi a can.

Ta dubi sanƙonsa. "Kiwo na ba ka, compadre. Ban ce su yi kama da kai ba."