Ƙarar da Dougal ya bari

Masu sayen faifan Merrin Tulloch a yau, masu lumshe ido in sun ji muryar nan tata mai sanyi, ba za su yarda ita ce ta taɓa fasa wa wani ɗalibi haƙori da makirfo ba. Ni na gani da idona, don ni ne mai ganga, ina zaune a bayanta. Mu uku ne a Dunedin lokacin: ita a waƙa, yayanta Dougal a jita, sai ni Fergus. Punk muke yi, ihu da duka kawai, kafin shayi ya tafasa waƙa ta ƙare. Wallahi ba mu iya komai ba, kuma ko a jikinmu.

Dougal yana da wata muguwar ɗabi'a. In mun gama wasa sai ya jingina jitarsa da lasifika, ya bar ta tana kuka ita kaɗai, ya tafi neman giya, har mai mashaya ya zo da zagi ya zare waya. Ranar wasanmu na ƙarshe Merrin ta sunkuya ɗaukar rigar sanyinta, kunnenta na hagu dab da lasifikar. Washegari Dougal ya hau babur zai tafi aiki Port Chalmers, santsin ƙanƙarar titi ya kwashe shi a kwana. Aka binne shi, amma ƙarar jitar nan ba ta bar kunnen Merrin ba, siririya, ɗiii, dare da rana.

Ta daina waƙa, ta koma soya kifi da dankali a wani shago. Sai bayan shekaru ta neme ni.

"Fergus, ƙaton banza, gangunanka na nan ko ka hura wuta da su?"

"Suna nan."

"Zo da su. Amma in ka doka da ƙarfi, sai na karya maka hannu."

Na same ta da jitar Dougal a cinya. Ta toshe kunnen dama da yatsa, ta yi shiru tana saurare, sannan ta dinga murɗa tsirkiya har amonta ya zo daidai da abin da take ji a ciki. Tun daga ranar haka muke saita kaya, ba da na'ura ba, da kunnenta. Kowace waƙa a kan ƙarar nan take ɗora ta, a hankali, murya can ƙasa, don kada ta danne ta. 'Yan jarida suka sa wa abin suna dream pop, suka yi ta zuba surutu. Ni dai na san ba mu biyu take ƙirgawa a ɗakin ba.

Likita ya ce akwai abin da za a maƙala mata ya rufe ƙarar. Ta yi kunnen uwar shegu da shi.

"Ke wace irin mahaukaciya ce? Ba kya ko barci," na ce mata.

"Dougal ne, Fergus. Bai gama wasa ba. Ni zan zare masa waya?"

Haka muka tsufa tare. Ta yi suna har ƙetare, kunnen kuwa yana ta mutuwa, kuma ta san duk ranar da ya mutu, da ƙarar zai tafi. Tsoronta ke nan, ba na kurumta ba.

Wata safiya a hunturun bara na kai mata burodi, na tarar da ita a kicin, yatsa a kunnen dama, shayi ya huce a gabanta.

"Babu," ta ce.

Na rasa abin yi, na sa mata faifanmu na farko. "Ga ta nan ai, a kowace waƙa."

"Kashe. Wannan ni ce nake kwaikwayonsa." Ta ɗago ta dube ni. "Kai ma kana wurin ranar. Yi min ita da bakinka."

Ni mai ganga ne, ban taɓa riƙe amo ɗaya daidai ba a rayuwata. Na rufe ido na yi iyakar ƙoƙarina, tausayinta ya cika ni. Ta juyo min da kunnen dama, ta saurara har numfashina ya ƙare.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Sake."