Abincin Tarewa a Gidanmu na Samaru

Na miƙa wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu kwanon shinkafa da wake, na ce, "Mama, ga sadakar tarewa. Mu muka sayi gidan nan."

A 2006 ne, a Samaru.

Ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, ke ce ta uku da ta kawo mini abincin sayen gidan nan a bana. Dillalin nan na Sabon Gari ne ya sayar muku?"

Shi ne kuwa.

Wata shida, ko girki nake, da an ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ku fa, kun tambayi maƙwabta kafin ku biya? Ni sai da na dafa abincin tarewa sannan na ji.